Yadda ake jan layukan tagulla a allon da'ira da manhajar KiCad

Duk wanda ya taɓa kwance rediyo ko cajar waya ya ga koren allon nan mai siraran layuka suna zagaye kamar hanyoyin tururuwa. Layukan tagulla ne, su ne suka maye gurbin wayoyi, kuma kowane ɗaya akwai wanda ya zauna gaban kwamfuta ya tsara ta inda zai bi. Wannan aikin nake so in nuna maka daga farko har zuwa fitar da fayilolin da ake tura wa masu buga allo. Na daɗe ina yin sa, kuma abin da na fi so ka riƙe tun yanzu shi ne, manhaja ba ta san inda wuta mai yawa za ta bi ba, ba ta san wane layi ne ba ya son hayaniya ba. Abin da ta sani kawai ƙafar kaza za ta haɗu da ƙafar kaza. Sauran tunanin naka ne.

Zan yi misali da ƙaramin allo mai ɗauke da IC, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, mai suna ATmega328P mai ƙafa 28, da regileta mai rage wuta zuwa 5V, da kiristal na 16 MHz mai ba IC ɗin bugun agogo, da 'yan kafasito da resisto, da wuraren soka waya.

Kayan aiki

Kwamfuta ko wace iri, Windows ce ko macOS ko Linux, ba sai mai tsada ba. Amma ka nemi maus mai ƙaramar taya a tsakiya. Jan layi da wurin shafa yatsa na laftof wahala ce tsagwaronta, don kowane lokaci kana kusantowa kana nisantawa.

Manhajar KiCad. Kyauta ce, kuma ba a ƙayyade maka girman allo ba. Wani malami Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara rubuta ta a 1992, daga baya injiniyoyin cibiyar bincike ta CERN suka shigo ciki, su ne suka kawo na'urar jan layi mai ture maƙwabta wadda za mu yi magana a kanta. Ka sauke siga ta 7 ko sama da haka, domin sunayen da zan ambata su yi daidai da abin da za ka gani. Idan kwamfutarka ba ta da wurin saka manhaja, EasyEDA tana aiki ta intanet kai tsaye. Akwai kuma Altium Designer da manyan kamfanoni ke amfani da ita, da Eagle wadda Autodesk ya saya a 2016. Maɓallan sun bambanta, amma matakan ɗaya ne.

Takardar bayanin kowane kaya, wadda kamfanin da ya ƙera shi yake fitarwa, mai nuna jerin ƙafafu da awonsa. Sai kayan da kansu a hannu idan da hali, da kalifa ta awo ko rula mai milimita, da firinta. A ƙarshe, shafin da masu buga allon suka rubuta iyakar abin da injinansu ke iya yi.

Kalmomi kaɗan kafin mu fara. Tsarin wuraren da ƙafafun kaya ke zama a kan allo, manhaja na kiransa footprint, ni zan ce sawu. Duk ƙafafun da ya kamata su haɗu wuri ɗaya ana kiransu net, ni zan ce dangi. Ƙaramin ramin da aka shafe cikinsa da tagulla domin layi ya tsallaka daga saman allo zuwa ƙasansa sunansa via, zan riƙa cewa ramin tsallake.

1. Kammala zanen da'ira tukuna

Ba a fara jan layi sai zanen da'ira ya kammala. Buɗe Schematic Editor, tabbatar kowane kaya yana da lamba, R1, C3, U2 da sauransu, sannan ka gudanar da ERC. Wannan binciken zai nuna maka ƙafar da ka bari a sake ko wuraren fitar wuta biyu da ka haɗa bisa kuskure. Ka kuma sa wa muhimman dangi suna da kanka: +5V, GND (hanyar dawowar wuta), VIN (wutar da ke shigowa), XTAL1 (ƙafar kiristal). Idan ka bar su da sunan da manhaja ta laƙa musu, in ka shiga allo ba za ka gane kowa ba.

2. Ba kowane kaya sawunsa

A nan ne sababbi suka fi faɗawa rami, kuma babu wani bincike na manhaja da zai cece ka. Ɗauki misalin tiransisto biyu masu jiki iri ɗaya, BC547 da 2N3904. Idan ka fuskanci shafaffen gefensu, ƙafafu na kallon ƙasa, BC547 daga hagu kwalekta ne, bes, emita. Shi kuwa 2N3904 emita ne, bes, kwalekta. Jiki ɗaya, jeri a juye. Na taɓa karɓar allo guda goma da aka bugo mini, duk da wannan kuskure, sai da na riƙa juya kowane tiransisto baya kafin in liƙa shi, zanen da ke kan allo yana cewa abu ɗaya, kayan suna kallon wani wajen. Tun daga ranar, ba na zaɓen sawu sai takardar bayanin kayan tana buɗe a gabana, ina bin ƙafa ɗaya bayan ɗaya: lamba 1 a zanen da'ira ita ce lamba 1 a sawu, ita ce lamba 1 a takarda?

Idan ba ka sami sawun a taskar KiCad ba, kada ka ɗauki mai kama da shi ka ce ai zai shiga. Buɗe Footprint Editor, kwafi wanda ya fi kusa, ka gyara awon bisa takarda. Ramin ƙafa ya ɗara kaurin ƙafar da kamar milimita 0.2 zuwa 0.3.

3. Shiga allo, zana iyakarsa

Buɗe PCB Editor ka danna F8. Duk kayan za su zubo a dunƙule, da wasu siraran zaruruwa suna haɗa su. Zaruruwan nan ba tagulla ba ne, tunatarwa ce kawai cewa wannan ƙafa tana jiran a kai ta waccan. Duk wanda ka ja layinsa zai ɓace.

Zaɓi shimfiɗar Edge.Cuts, wato ta iyakar allo, a jerin shimfiɗu (layers) da ke dama, ka zana siffar allon. Dole zanen ya rufe ruf, ƙarshe ya koma mafari, in ba haka ba manhaja ba za ta san ina ne ciki ina ne waje ba. Idan allon zai shiga cikin akwati, auna akwatin yanzu ka sa ramukan kusoshi. Kusar M3 tana son rami mai milimita 3.2, kuma ka bar fili kewaye da shi don kan kusar kada ya taɓa layi.

4. Kafa dokoki kafin layin farko

Tun ran gini ran zane. Mutane da yawa sukan ja layuka ɗari, sannan su gano sun fi abin da injin bugawa ke iya yi sirantaka, su koma kwancewa. Shiga File, Board Setup. A sashen Constraints ka rubuta iyakar da masu bugawa suka bayar: mafi sirantar layi, mafi ƙanƙantar tazara, mafi ƙanƙantar rami. Da yawansu suna iya milimita 0.15 ko ƙasa da haka, amma iyakar inji ba ita ce awon da za ka yi aiki da shi ba. Ka tsaya nesa da bakin gaɓa. Wani lokaci za ka ga awon da mil maimakon milimita. Mil ɗaya milimita 0.0254 ne, wato mil 10 ya yi kusan milimita 0.25.

Sai sashen Net Classes. Ga abin da nake amfani da shi a allo mai fuska biyu irin wannan: layukan saƙo faɗin milimita 0.25, tazara 0.2, ramin tsallake mai faɗin 0.6 da huda 0.3. Sannan in buɗe wani rukuni na wuta mai faɗin milimita 0.8 ko 1, in sa +5V da VIN a cikinsa. Daga nan duk lokacin da na fara layi daga ƙafar wuta, da kansa zai fito da kauri.

Me ya sa faɗi yake da muhimmanci? Tagullar da aka saba shimfiɗawa a kan allo kaurinta maikuromita 35 ne kawai, wadda ake kira oza ɗaya. Bisa lissafin ƙa'idar IPC-2221, layin waje mai faɗin milimita 0.25 yana ɗaukar kusan ampiya 0.9 idan ka yarda zafinsa ya ƙaru da digiri 10, mai milimita 1 kuma kusan ampiya 2.4. Ban da zafi akwai asarar wuta a hanya. Layi mai faɗin 0.25 da tsawon santimita 10 yana da kusan om 0.2, don haka idan ampiya ɗaya ta bi ta cikinsa, 0.2V ta salwanta kafin ta isa. A da'irar 5V wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba sai ka yi lissafin da hannu ba, KiCad tana da Calculator Tools, ka sa ampiya ta ba ka faɗi.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: duk awon nan na ƙaramar wuta ne. Allon da zai taɓa wutar soket ta gida yana da dokokin tazara dabam, na milimitoci da yawa, kuma kuskure a cikinsa kisa yake yi. Kada ya zama allonka na farko ko na biyu.

5. Jera kaya

Wannan matakin shi ne rabin aikin, ko ma fiye. Allon da aka jera da kyau layukansa kusan da kansu suke faɗuwa, wanda aka jera da gaggawa kuwa ko ka kwana kana ja ba zai ƙare ba. Maɓallai uku za ka riƙe: M don matsar da kaya, R don juya shi, F don mayar da shi ɗaya fuskar allon.

Fara da waɗanda ba su da zaɓin wuri: jak ɗin wuta, wuraren soka waya, maɓalli, fitilar da ake so a gani daga waje. Sa su a gefen allo inda akwati ya tanada, ka kulle su kada su goce. Sannan babbar IC a tsakiya. Sannan ka koma zanen da'ira ka riƙa ɗauko kaya gida-gida: regileta da kafasitocinsa wuri ɗaya kusa da mashigar wuta, kiristal da nasa wuri ɗaya.

Dubi ATmega328P ɗinmu da kyau. Ƙafa ta 7 ita ce VCC, wato mashigar wuta, ta 8 GND, ta 9 da ta 10 na kiristal ne. A ɗaya gefen, ta 20 AVCC ce, ita ma mashigar wuta, ta 22 GND. Kafasito mai 100 nF zai zauna dab da ƙafa ta 7 da ta 8, wani kuma dab da ta 20 da ta 22. In na ce dab, ina nufin milimita biyu zuwa uku. Dalili kuwa, duk lokacin da IC ta motsa a ciki takan fizgi wuta farat ɗaya, kuma dogon layi ba ya iya kawo ta da wannan saurin. Kafasiton shi ne randar da ke bakin ƙofa. A zanen da'ira duk kafasitocin nan sukan taru a kusurwa ɗaya, kuma manhaja za ta gamsu ko da ka jera su a can ƙarshen allo, tunda dangin ɗaya ne. Allon ne ba zai gamsu ba, sai ka ga yana sake tashi da kansa ba gaira ba dalili. Haka kiristal da kafasitocinsa biyu masu 22 pF, su matso jikin ƙafa ta 9 da ta 10.

Yayin da kake jerawa, idonka na kan zaruruwan nan. Idan ka ga biyu sun gitta juna, juya resisto ɗin da R ka gani, sau da yawa sarƙewar takan warware nan take. Idan layuka takwas daga IC zuwa wurin soka waya duk sun murɗe, duba ko za ka iya komawa zanen da'ira ka sauya jerin ƙafafun. Sauya layi ɗaya a cikin lambobin shirin da za ka ɗora wa IC ya fi huda ramukan tsallake goma sauƙi. Ina kuma ɓoye zaruruwan GND a wannan lokaci, domin su ne suka fi cika ido, kuma shimfiɗar tagulla ce za ta haɗa su daga baya, a mataki na 7.

Kada ka yi rowar fili. Ka bar wurin da bakin ƙarfen dalma zai shiga, da wurin da layuka za su wuce.

6. Jan layuka da hannu

Kai maus kan ƙafa ka danna X. Layi zai biyo ka, sauran 'yan danginsa su yi haske. Duk inda ka latsa ya kafu, in ka isa ƙafar da ake nufi ya ƙare. Backspace yana janye gaɓar ƙarshe, Esc yana fitar da kai daga jan layin. Maɓallin / yana sauya ta inda kwana za ta fara. Idan hanya ta toshe, danna V: ramin tsallake zai fito a bakin maus, ka kafa shi, ka ci gaba a ɗaya fuskar. D kuma yana jan layin da aka riga aka shimfiɗa ba tare da ya tsinke ba.

A Interactive Router Settings akwai halaye uku. Highlight collisions yana barinka ka bi inda kake so, ya haska wurin da ka taka doka. Walk around yana kewaye duk abin da ya tare hanya. Shove kuwa ture layukan da ke gabansa yake yi gefe, su matsa su ba shi wuri, ba tare da an karya tazara ba. Ni da Walk around nake farawa, in allo ya fara cika in koma Shove. Amma ka lura, Shove yana iya ture layin da ka ɓata lokaci ka tsara, don haka muhimman layuka ka kulle su da zarar ka gama.

Ga jerin da nake bi. Da farko gajerun layuka masu laulayi: kiristal, da kafasitocin bakin IC. Su kasance gajeru, a fuska ɗaya, babu ramin tsallake, kuma kada wani layi ya ratsa ta ƙarƙashin kiristal. Na biyu layukan wuta masu kauri. Ka sa wutar ta fara isa kafasito sannan ta shiga ƙafar IC, kada kafasiton ya zama reshe a gefe. Idan layin wuta mai nauyi zai tsallaka fuska, sa ramuka biyu ko uku a jere maimakon ɗaya. Na uku layuka masu sauri ko masu ɗaukar ƙaramin saƙo, irin na firikwensin zafi ko makirufo, a nisanta su da layin mota ko rile. Sauran tarkace su zo a ƙarshe.

Idan allonka yana da USB, layukansa biyu D+ da D- tagwaye ne, tare ake jan su da maɓallin 6, kafaɗa da kafaɗa, tsayi ɗaya. Ƙa'idar USB 2.0 tana neman om 90 tsakaninsu, kuma faɗin da zai ba da haka ya dogara da kaurin allon, sai ka duba da na'urar lissafi. Sunayen dangin biyu dole su ƙare da + da -, ko P da N, kafin KiCad ta gane tagwaye ne.

Wata tsohuwar dabara: a fuskar sama layuka su tafi a kwance, a ta ƙasa su tafi a tsaye, ta haka ba sa tare wa juna hanya. Tana aiki, amma a allo mai fuska biyu na fi son in tara kusan komai a sama, in bar ƙasa ga GND, in riƙa nutsawa ƙasa na ɗan gajeren zango kawai in sake fitowa. Dalilin yana mataki na gaba.

Tsakanin ƙafafun IC mai tazarar milimita 2.54 layi ɗaya yana wucewa lafiya. Idan mazaunin ƙafa, wato tagullar da ke kewaye da raminta, yana da faɗin 1.6, saura 0.94, layi mai 0.25 da tazarar 0.2 a kowane gefe ya ci 0.65 kawai. Batun kwana kuma, za ka ji ana cewa kwana mai digiri 90 haramun ce. A allo irin namu wuta ba ta damu ba. Ana bin digiri 45 ne don yana gajarta hanya kuma ya fi tsari. Abin da za ka guje wa shi ne matsattsiyar kusurwa mai tsini, da layin da ya shiga mazaunin ƙafa a karkace ya bar ɗan lungu.

7. Shimfiɗar GND

Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Duk saƙon da ya fita ta layi, ta GND yake komowa, kuma idan saƙon mai sauri ne, ta ƙarƙashin layin da ya fita yake son bi. In ka datse shimfiɗar ƙasa da dogon layi, mai dawowa sai ya yi dogon zagaye, zagayen nan kuwa eriya ce, tana watsa hayaniya tana kuma kwasowa.

Zaɓi kayan aikin zana filled zone, ka latsa a kusurwar allo. A akwatin da zai buɗe zaɓi B.Cu, wato tagullar fuskar ƙasa, da dangin GND, ka zagaye allon duka, sannan ka danna B. Tagulla za ta cika ko'ina, tana kauce wa duk abin da ba danginta ba. Kana iya yin haka a F.Cu, tagullar fuskar sama, ita ma, sai ka ɗinke biyun da ramukan tsallake nan da can, musamman kusa da ƙafar GND ta kowane kafasito.

Bar haɗin ƙafafu a kan thermal reliefs, wato 'yan siraran gadoji huɗu maimakon tagulla ta rungume ƙafar gaba ɗaya. In ba haka ba shimfiɗar za ta shanye zafin ƙarfen dalma, ka yi ta dannawa dalma ta ƙi narkewa. Sannan ka ɓoye sauran shimfiɗu ka kalli B.Cu ita kaɗai. Nemi wuraren da ta tsuke ta zama siririn wuya, da tsibiran da suka yanke. Inda ka ga haka, matsar da layin da ya jawo. Kuma duk gyaran da ka yi bayan nan, sake danna B, don shimfiɗa ba ta sabunta kanta.

8. Idan kana son manhaja ta ja da kanta

KiCad ba ta zo da mai jan layi na kai-tsaye ba, amma akwai Freerouting, wadda Alfons Wirtz ya rubuta da harshen Java, ita ma kyauta. Tushen irin waɗannan manhajoji tsoho ne. A 1961 C. Y. Lee ya wallafa hanyar da ake raba allo gida-gida, a bar lissafi ya malala daga ƙafa ɗaya kamar ruwa har ya taɓa ɗayar, sannan a bi sawu a dawo ta mafi gajartar hanya. Na zamani sun ƙara da warware layin da ya tare hanya su sake ja. Ka ga ke nan abin da suka iya shi ne neman hanya, ba sanin lantarki ba.

Ga yadda nake amfani da ita. In ja kiristal, wuta da duk layi mai laulayi da hannu, in kulle su. Sannan File, Export, Specctra DSN. In buɗe fayil ɗin a Freerouting in bar ta ta yi aiki, in fitar da sakamakon a matsayin fayil mai ƙarewa da ses, in dawo KiCad ta File, Import, Specctra Session. Bayan nan sai shara: rage ramukan tsallake marasa dalili, miƙe layukan da suka yi yawo, duba ko ta yayyanka shimfiɗar GND. Idan ta kasa kammalawa, ta bar zaruruwa biyar ko goma, kada ka sake kunna ta kana fata. Jerin kayanka ne ke da matsala, koma mataki na 5. Shawarata ga mai koyo, allo ukun farko ka ja su da hannu kaf, don a nan ido yake koyon ganin hanya.

9. Binciken dokoki

Shiga Inspect, Design Rules Checker. Sa alama a wurin sake cika shimfiɗa kafin bincike, da wurin gwada allo da zanen da'ira. Sashen Unconnected Items dole ya zama sifili. Sau da yawa layi yakan tsaya dab da ƙafa, a ido kamar ya taɓa, alhali da saura. Latsa kowane kuskure, manhaja za ta kai ka wurin. Kada ka sassauta doka don jan rubutu ya ɓace, kuma kada ka yafe wani kuskure sai ka fahimci abin da yake cewa.

Daga nan gyara rubutun saman allo a F.Silkscreen. Lambar kowane kaya ta fito fili, kada ta hau mazaunin ƙafa. Sa alamar + a wurin kafasito mai gefe, alamar ƙafa ta 1 a IC, sunan kowace ƙafa a wurin soka waya, da lambar sigar allon. Danna Alt da 3 ka ga allon a tsaye kamar a hannu, a nan ake gane jak ɗin da bakinsa ke kallon ciki maimakon waje.

Sai gwajin da ban taɓa tsallakewa ba. Buga allon a takarda da ainihin girmansa, awo 1:1, ka auna da rula ka tabbatar firinta ba ta rage ba. Ɗora takardar a kan soso ko kwali, ka soka ƙafafun kayan a ramukansu, masu kwanciya kuma ka ɗora su a mazauninsu. Rile, jak, babban kafasito, duk wanda sawunsa bai yi daidai ba nan zai tona kansa.

10. Fitar da fayiloli

Masu buga allo fayilolin Gerber suke karɓa. Shiga File, Plot, zaɓi F.Cu, B.Cu, F.Mask, B.Mask, F.Silkscreen, B.Silkscreen da Edge.Cuts, ka fitar. Sannan danna Generate Drill Files don fayil ɗin huda, irin Excellon. Shi aka fi mantawa. Buɗe su duka a Gerber Viewer ka duba ɗaya bayan ɗaya, domin abin da ke cikinsu za a buga, ba abin da ke fuskar PCB Editor ba. Ramuka sun faɗa tsakiyar mazauninsu? Iyakar allo ta fito? In komai ya yi, dunƙule su a zip ɗaya. Wajen oda, abin da aka saba shi ne allo nau'in FR-4 mai kaurin milimita 1.6 da tagulla oza ɗaya, wadda a kanta muka yi lissafin faɗin layi.

Idan da hannu za ka wanke allon

Wanda ba shi da hanyar aikawa a bugo masa yana iya yin allo mai fuska ɗaya da firintar leza, dutsen guga da ruwan ferik kulorayid. Amma tun daga mataki na 4 dokokin za su sauya. Layi ya kai milimita 0.6 zuwa 0.8, tazara aƙalla 0.4, mazaunin ƙafa ya yi faɗi don kada ya ɓare wajen huda. Ja komai a B.Cu. Inda hanya ta ƙi, ja ɗan miƙaƙƙen layi a F.Cu tsakanin manyan ramuka biyu, daga baya ka maye gurbinsa da guntun waya a saman allo. Ka tuna ramukanka ba su da tagulla a ciki, don haka kada ka dogara da ƙafar kaya ta haɗa sama da ƙasa.

Wajen bugawa a takarda, B.Cu ba a juya ta, yadda take a fuskar kwamfuta haka za ta fita, kifa takardar a kan tagulla shi ne zai juya ta. F.Cu ce ake juyawa. Don kada ka rikice, rubuta wata kalma a kan shimfiɗar tagullar: a takarda ta fito a juye, a kan allon bayan guga ta karantu daidai. Idan ta karantu daidai tun a takarda, tsaya ka sake bugawa. Ruwan wankin yana cin fata da ƙarfe, sa safar hannu da tabarau, yi aikin a roba inda iska ke shiga, kuma kada ka zuba ragowarsa a magudana.

Ko bugowa aka yi ko wankewa ka yi, kafin ka liƙa komai ɗauki mita ka sa ta a wurin ƙara, ka taɓa +5V da GND. Kada ta yi kuka. Sannan liƙa sashen wuta shi kaɗai, regileta da kafasitocinsa, ka ba shi wuta, ka auna tsakanin ramin ƙafa ta 7 da ta 8, da kuma ta 20 da ta 22. Sai ka ga 5V a duka biyun sannan ka cire wuta ka sa IC.